Fulogi da Man Giya: Tarihin Bashin da Ke Biyo Motar Kwatano

A shekarar 2020 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto kan cinikin tsofaffin motoci. Rahoton ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu kimanin miliyan 14 zuwa wasu ƙasashe, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. A cikinsu akwai a-kori-kura, motar da manomi da ɗan kwangila da ƙungiyar agaji duk suke dogara da ita. Mai saye yakan duba fenti da taya da sanyin na'urar ciki, ya saurari ƙarar inji, ya biya. Abubuwa biyu ne ba kasafai ake tambaya a kansu ba, saboda ido ba ya ganinsu: fulogi da man giya. Tarihin waɗannan biyun ya bayyana dalilin da ya sa mota takan iso da kyan gani, sannan ta kwanta a gareji kafin shekara ta zagayo.

Tartsatsin da ke tada inji

Aikin fulogi guda ɗaya ne: ya tsallakar da tartsatsin lantarki tsakanin ƙarafa biyu, don ya kunna cakuɗen fetur da iska a cikin inji. Idan inji yana juyawa sau 3,000 a minti, kowane fulogi yana yin tartsatsi sau 25 a daƙiƙa guda, cikin zafi da matsi mai tsanani. Injin dizal ba ya amfani da shi, domin matsi kaɗai ke kunna mansa. Saboda haka zancen fulogi ya shafi masu motar fetur ne.

Étienne Lenoir, haifaffen Beljiyam da ke aiki a Paris, ya sa irin wannan na'ura a injinsa mai amfani da iskar gas a 1860. Sai a 1902 abin ya zama abin dogaro, lokacin da Gottlob Honold, injiniya a kamfanin Robert Bosch da ke Stuttgart, ya haɗa fulogi da na'urar maganaɗisu mai ba da wuta mai ƙarfi. A Amurka kuwa, wani Bafaranshe ɗan tseren keke, Albert Champion, shi ya bar sunansa a kan kamfanoni biyu masu gaba da juna: Champion, wanda ya kafa a Boston ya kuma rabu da shi, da AC, haruffan farkon sunansa, wanda ya kafa a garin Flint a 1908 da goyon bayan William Durant na General Motors. Kamfanin NGK na Japan, wanda kwalayensa suka cika shagunan Ƙofar Ruwa da Fanteka, an kafa shi a Nagoya a 1936.

Zamanin dalma

A 1921 Thomas Midgley, mai bincike a General Motors, ya gano cewa wani sinadari mai dalma yana hana inji ƙwanƙwasa idan an zuba shi cikin fetur. An fara sayar da irin wannan fetur a 1923, ya kuma mamaye duniya na rabin ƙarni. Illar dalma ga ƙwaƙwalwar yara ita ce babban laifinta, amma ta yi wa fulogi ma ɓarna: takan taru a bakinsa ta toshe hanyar tartsatsi. Ga kuma kafireto, wanda sau da yawa yakan ba da fetur fiye da kima, ya bar baƙin toka. A wancan zamani fulogi kan yi mil 10,000 zuwa 12,000 a canza shi, kuma a tsakani akan ciro shi a kankare, a daidaita tazarar bakinsa, a mayar. Garejin Amurka da Turai har injin fesa yashi suke ajiyewa musamman don wanke fulogi.

Dokar hayaƙi ce ta sauya lamarin. Daga 1975 yawancin sababbin motocin Amurka suka zo da matatar hayaƙi a jikin salansa, wadda dalma ke kashewa, don haka tilas a ba su fetur marar dalma. Amurka ta haramta fetur mai dalma ga motocin titi gaba ɗaya a 1996. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun yi alkawari a Dakar a 2001, suka daina daga farkon 2006. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021.

Da dalma ta tafi, allurar fetur mai aiki da kwamfuta kuma ta maye gurbin kafireto, sai fulogi ya daina ƙazanta da wuri. Abin da ya rage shi ne cinyewar ƙarfen bakinsa. Nan aka koma ga ƙarafa masu tsada: filatinam a shekarun 1980, iridiyam a shekarun 1990. Nikel yana narkewa a digiri 1,455 na ma'aunin Salshiyos, filatinam a 1,768, iridiyam kuwa sai a 2,446. Wannan juriya ta ba da damar sirantar da bakin fulogi daga kimanin milimita 2.5 zuwa ƙasa da milimita ɗaya. Kamfanonin mota suka fara tallan cewa motarsu za ta yi mil 100,000, wato kimanin kilomita 160,000, ba a taɓa fulogi ba.

Daɗewar ta zo da nata ciwon. Fulogin da ya shekara goma a cikin kan inji na alminiyam yakan manne. Masu Ford F-150 mai injin lita 5.4, ƙirar 2004 zuwa 2008, sun ga haka: fulogin motar gida biyu ne, toka kan riƙe na ƙasan, sai ya karye a ciki lokacin cirewa. Ford ya fitar wa kanikawa da takardar umarni ta musamman kan yadda za a ciro shi, aka ƙera kayan aikin zaro guntun da ya maƙale, maganar kuma ta kai kotu.

Man da ya taɓa dogara da dabbar teku

Giya mai canza kanta ta shiga kasuwa sosai a ƙarshen 1939, lokacin da General Motors ya sa Hydra-Matic a motar Oldsmobile ƙirar 1940. A giyar hannu, mai yana hana ƙarafa cin juna ne kawai. A giyar otomatik aikinsa ya ninka: shi ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giyabos, shi ke matse faifan kuloci na ciki don giya ta shiga, shi ke sanyaya su, kuma dole santsinsa ya zama daidai gwargwado. Idan ya yi yawa faifan su zame, idan ya gaza su fizga.

A 1949 General Motors ya fitar da ma'auni mai suna Type A, wanda kusan kowane kamfani ya bi na ɗan lokaci. A 1967 aka samu Dexron daga General Motors da Type F daga Ford, masu santsi daban, kuma tun daga nan zancen "jan mai duk ɗaya ne" ya daina zama gaskiya. Wani abin mamaki shi ne, cikin sinadaran da ke gyara santsin man a wancan lokaci akwai kitsen ƙatuwar dabbar tekun nan da Turawa ke kira whale, irin wadda ake samun turaren ambar daga cikinta. A farkon shekarun 1970 Amurka ta sa dabbar cikin masu fuskantar ƙarewa, ta hana cinikin kitsenta. Dexron II na 1973 ya fito ba tare da shi ba, sabon haɗin kuma ya riƙa cin bututun sanyaya mai, har sai da aka sake gyara shi. Sauya sinadari ɗaya ya isa ya jefa masana'anta guda cikin wahala.

Daga nan giya ta ƙaru daga uku zuwa huɗu, shida, takwas, har goma a wasu a-kori-kura na yau, kowane kamfani kuma ya ware nasa man. Ford ya fito da Mercon a 1987, daga baya Mercon V da Mercon LV. Toyota yana da T-IV da WS. General Motors ya kawo Dexron VI a 2005. Sababbin sun fi tsinkewa, don rage shan fetur, kuma kwamfutar giyar an tsara ta ne a kan kaurin man da aka ƙera ta da shi. A lokaci guda aka fara cire sandar awon man giya daga motoci da yawa, aka ce man zai yi tsawon rayuwar mota. Sai dai littafin motar kansa yakan yi togiya: wanda ke jan tirela ko ɗaukar kaya masu nauyi, Toyota na Amurka ya ce ya canza a mil 60,000. Zafi ne ke dafa man giya, ya mai da shi baƙi mai ƙauri.

Daga Fijo zuwa Kwatano

Ford ya fara sayar da a-kori-kura haɗaɗɗiya daga masana'anta a 1925, Toyota ya fito da Hilux a 1968. Amma a Arewacin Najeriya, motar da ta horar da kanikawa ita ce Fijo. Masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya suka zama jakunan kasuwannin ƙauye. Motoci ne masu kafireto da giyar hannu, suna shan fetur mai dalma. Duk abin da maigidan gareji ya koya wa yaransa a kansu daidai ne: ciro fulogi, goge shi da burushin ƙarfe ko sanfefa, duba launinsa, mayar.

Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 da faɗuwar darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Kasuwa ta koma ga na hannu, ta tashar Legas da ta Kwatano, wasu su biyo ta Nijar, har gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017. Da farko daga Turai suke zuwa, shi ya sa ake ce musu Beljiyam. Daga baya na Amurka suka yawaita, irin su Tacoma da Tundra da Frontier da F-150, galibinsu otomatik. Motocin sun canza zamani, koyarwar gareji kuwa, wadda ake gado daga maigida zuwa yaro, ba ta canza da saurinsu ba.

A nan tarihin biyu suka haɗu. Kayan da aka ƙera don su yi mil 100,000 sun sauke wa mai motar farko nauyi: yana iya sayar da ita bai taɓa sanin kuɗin fulogi ko man giya ba. Motar kuwa sau da yawa tana barin hannunsa ne dab da cikar wa'adin, ko bayan ya wuce. Ta iso ba tare da takardun tarihin gyara ba, agogon tafiyarta yana ƙirga mil, mai saye yana karanta kilomita, wani lokaci ma an mayar da agogon baya. Sannan a ɗora mata buhunan masara a bi da ita hanyar ƙasa cikin zafin Afrilu, wato ainihin yanayin da littafinta ya kira aiki mai tsanani. Bashin gyaran da aka jinkirta a Texas, a Kano ko Maraɗi ake biyansa.

Abin da ya rage wa mai mota

Wanda ya sayi irin wannan mota ba tare da shaidar gyara ba, abin da ya fi masa shi ne ya ɗauka ba a yi ba. Fulogin da bakinsa ya cinye yana tilasta wa kwayil ya yi aiki fiye da ƙarfinsa, fetur ɗin da bai ƙone ba kuma ya gangara ya lalata matatar hayaƙi, kowannensu ya fi fulogi tsada nesa. A ciro shi inji yana sanyi, a sa mai lambar da littafin ya ambata, a fara ɗaura shi da hannu kafin sifana, kada a matse fiye da kima a kan alminiyam. Sanfefar da ta yi wa Fijo amfani tana kankare siririn bakin iridiyam. Jabu kuma sun yi yawa, har NGK da Denso suna wallafa yadda za a gane su. Iridiyam mai arha sosai abin tuhuma ne.

Game da man giya, akwai maganar da ta yaɗu cewa idan ya daɗe kada a taɓa shi, domin canzawa ke kashe giya. Tana da tushe: idan faifan kuloci sun riga sun cinye, garinsu da ke yawo cikin tsohon mai shi ke ɗan riƙe su, sabon mai kuma sai ya tona asirin. Ɓarnar ta riga canjin. Idan giya tana shiga lafiya, man kuma bai yi ƙauri ba, hanya mafi sauƙin haɗari ita ce a tsiyaye na cikin kasko a zuba sabo daidai adadin da ya fita. Wannan yakan fitar da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi ne kawai, don haka akan maimaita bayan an ɗan yi tafiya. A motar da ba ta da sandar awo, ana duba yawan man ne ta wani ƙusa a ƙasa, a wani zafi ƙayyadadde, aikin da ke buƙatar bakanike mai na'urar karanta kwamfutar mota.

Tambayar da ta kamata mai mota ya yi wa bakanike kafin a buɗe galan ita ce sunan man da aka rubuta wa wannan giyabos, T-IV ne ko WS, Mercon V ne ko LV. Launin ja rini ne kawai da ake sawa don a bambanta shi da baƙin mai. Idan amsar ita ce "duk ɗaya ne", to amsa ce da ta tsufa tun 1967.