Daga Dumbo zuwa Zootopie: tarihin dabbobi masu magana da abin da suke bar wa ƴaƴanmu

Shekara uku da suka wuce, ana saura kwana kaɗan a tafi babban hutu, na ari kwamfutar daraktanmu na nuna wa ƴan ajina na CM2 fim ɗin Zootopie. An gama jarrabawa, ba sauran karatu. Da gangan na zaɓe shi, don na ji ana yabon sa cewa yana koya wa yara kada su yanke wa mutum hukunci da asalinsa. Sun yi dariya, sun tafa, na koma gida ina jin na yi aiki. Washegari lokacin shan iska sai na ji hayaniya a bakin famfo. Ashe sun raba kansu gida biyu, ga masu cin ciyawa, ga masu cin nama. Wanda suka fara jefawa cikin masu cin nama, suna bin sa suna cewa a sa masa takunkumi, wani yaro ne ɗan makiyaya da iyayensa suka sauka a bayan gari. Duk wanda ke zaune a yankin Maraɗi a waɗannan shekaru ya san irin maganganun da yara ke ji a gida game da makiyaya. Da na tsawata musu sai suka ce, "Mushe, ai wasa ne, kamar na cikin fim."

Wannan ne ya sa na koma na bi tarihin irin waɗannan fina-finai na zane, in ga daga ina suka taso.

Sa dabba ta yi magana don a faɗa wa mutum gaskiya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da Gizo da Ƙoƙi, da kura da zomo da dila aka rene mu. Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne, wani reshe na tatsuniyoyin Afirka ya ƙetare teku a cikin jiragen bayi. A gonakin kudancin Amurka bayi suka ci gaba da ba da labarin wani zomo mai wayo da ke kuɓuce wa dila kullum. Wani ɗan jarida farar fata na jihar Jojiya, Joel Chandler Harris, ya ji su a bakin bayi yana saurayi, ya tattara su ya buga a 1880, ya sa su a bakin wani tsoho baƙar fata da ya ƙirƙira mai suna Uncle Remus. A ciki akwai labarin ƴar tsanar kwalta da aka ajiye wa zomo a hanya: ya gaishe ta ba ta amsa ba, ya mare ta hannu ya manne, ya shure ta ƙafa ta manne. Wanda kakarsa ta taɓa ba shi labarin Gizo da budurwar danƙo ba ya bukatar a ƙarasa masa.

Kamfanin Disney ya mai da waɗannan labarai fim a 1946, wanda masu Faransanci suka sani da Mélodie du Sud, rabi mutane rabi zane. An fara nuna shi a birnin Atlanta. James Baskett, baƙar fatan da ya fito a matsayin Uncle Remus, bai halarci bikin ba, saboda dokar wariya ta birnin ba ta yarda baƙi su zauna tare da farare a irin wannan taro ba. Ku duba wannan lamari: tatsuniyar kakanninsa ce, muryarsa ce, fuskarsa ce a jikin allo, amma ƙofar a rufe take gare shi. An ba shi kyautar girmamawa ta Oscar a 1948, ya rasu a cikin shekarar. Tun fitowar fim ɗin ƙungiyoyin baƙaƙen Amurka suka yi tir da shi, don ya nuna zaman gona tsakanin baƙi da iyayen gidansu kamar zaman daɗi da waƙa. Tun daga 1986 kamfanin bai sake kai shi gidajen sinima ba.

Kafin wannan da shekara biyar, a 1941, an yi Dumbo, wanda nake ganin shi ne kakan duk finafinan "kada ka raina wanda ya bambanta da kai". Ɗan giwa ne da aka haifa da manyan kunnuwa a wani ayarin masu wasa da dabbobi. Sauran giwaye suka juya masa baya, uwarsa ta yi faɗa don kare shi aka kulle ta aka ce ta haukace, ba wanda ya tsaya masa sai wani ɓera. Har yanzu wurin da uwar ke miƙo hancinta ta cikin ƙarafa tana lallashin sa yana sa manya hawaye. Amma a cikin wannan fim ɗin da ke koyar da tausayi akwai wasu hankaki da aka yi wa magana da rawa irin ta yadda fararen Amurka ke kwaikwayon baƙi don dariya. Shugabansu, a takardun aikin fim ɗin, sunansa Jim Crow, wato ainihin sunan da ake kiran dokokin wariyar launin fata da shi a kudancin ƙasar, kuma wani farar fata, Cliff Edwards, ne ya yi muryarsa. Masu kare fim ɗin suna cewa hankakin nan su ne suka tausaya wa Dumbo suka koya masa tashi, kuma gaskiya ne. Duka biyun gaskiya ne, shi ya sa abin yake da wuyar sha'ani.

Ni abin da ya fi damu na a Dumbo ma shi ne ƙarshensa. Ba a karɓe shi ba sai da kunnuwan nan suka zama fukafukai, ya tashi sama, ya jawo wa masu wasan kuɗi da suna. Haka labarin ɗan agwagwar nan mummuna na Andersen, na 1843, wanda Disney ya zana har sau biyu, a 1931 da 1939: ya samu kwanciyar hankali ne da aka gano shi ba agwagwa ba ne tun farko, ya koma cikin danginsa. To yaron da ke ajina wanda ƙafarsa ta shanye, ko zabiyar da ke zama a bencin gaba don idonta, me za su ɗauka? Cewa sai sun yi wani abin mamaki kafin a zauna da su?

Shekarun da suka biyo baya ba su canza da yawa ba. Magunan Siyam masu ƙananan idanu da karyayyen harshe a La Belle et le Clochard na 1955, da wani ɗan'uwansu a Les Aristochats na 1970, ba'a ce ga mutanen Asiya, ba wani ɓoye-ɓoye. Shi kansa kamfanin ya amsa laifi daga baya: a 2019 ya fara liƙa gargaɗi a kan irin waɗannan tsofaffin finafinai a dandalinsa na Disney+, ya ƙara masa ƙarfi a 2020.

Juyi na gaske ya zo ne a 1981 da Rox et Rouky, bayan Amurka ta soke dokokin wariya a 1964 da 1965. Ɗan dila maraya da ɗan karen farauta suka tashi tare suna wasa, ba su san an ƙaddara musu gaba ba, har manya suka koya musu. Wannan karon matsalar ba ta jikin wanda ake ƙyama ba ce, tana cikin tarbiyya. A ƙarshe dilan ya ceci karen daga mutuwa, karen kuma ya tsaya tsakanin bindigar ubangidansa da dilan, ya ƙi matsawa. Sai kuma kowa ya kama gabansa, kare a gida, dila a daji. Ina son wannan fim don bai yi wa yara ƙarya ba, amma ban taɓa rasa jin wani ɗaci ba idan ya ƙare, domin kamar yana cewa ne a so juna daga nesa.

A 1986 Don Bluth, wanda ya bar Disney, ya yi Fievel et le Nouveau Monde tare da Steven Spielberg. Iyalin ɓeraye ne Yahudawa da suka gudu daga Rasha a 1885 bayan an ƙona ƙauyensu, suka nufi Amurka da imanin cewa can babu mage. Suka tarar da su birjik. A nan ya kamata malami ya san wani abu da yara ba su sani ba. A 1940 ƴan Nazi sun yi wani fim na farfaganda da ya jera hotunan Yahudawa da hotunan ɓeraye suna fitowa daga rami, don a ce abu ɗaya ne. A Ruwanda a 1994 gidan rediyo ya yi ta kiran Tutsi kyankyasai kafin a kashe su da lokacin da ake kashe su. Kamanta jama'a da dabba wuƙa ce. Fievel ya karɓe ta daga hannun maƙiyi ya mai da ɓera abin so, amma wuƙar tana nan da kaifinta.

An ga haka a Le Roi Lion na 1994, wanda kusan kowane yaro mai tele a gidansu ya gani. Kuraye suna zaune a wani kango mai duhu a bayan iyaka, da yunwa, kuma ranar da aka bar su suka shigo ƙasar zakuna sai fari ya sauka, komai ya bushe. Muryoyin manyan cikinsu na Whoopi Goldberg ne, baƙar fata, da Cheech Marin, ɗan asalin Meziko, kuma Amurkawa da yawa sun lura da hakan. Mu dai ba mu da bakin zargi sosai, don a tatsuniyoyinmu ma kura ba ta taɓa yin daidai ba. Haɗama da wauta gadonta ne, ɗanta ma haka, jikanta ma haka. Hali zanen dutse, in ji mu. A kan kura wannan ba komai ba ne. Amma da wannan ma'aunin ne wasu gidaje har gobe ke hana aure da ɗan mahauci ko ɗan maƙeri, ko wanda aka ce kakansa bawa ne, alhali tun 2003 dokar Nijar ta mai da bauta babban laifi.

Zootopie na 2016 shi ne ya fi duk na baya ƙarfin hali. Judy zomanya ce da ta zama ƴar sanda ta farko a jinsinta, ana raina ta don ƙanƙanta. Nick dila ne da ya zama ɗan damfara saboda tun yana yaro sa'o'insa suka danne shi suka sa masa takunkumi, ya ce tunda haka ake ganin sa bari ya zama hakan. Kyawun fim ɗin shi ne ita Judy, wadda ake zalunta, ita ma tana yawo da maganin korar dila a ƙugunta, kuma ita ce ta tsaya gaban ƴan jarida ta ce wataƙila abin a jininsu yake. Daga nan gari ya rikice. Mai shirya makircin kuwa wata tunkiya ce, mataimakiyar magajin gari, da ta lissafa cewa masu cin ciyawa su ne kashi 90 cikin 100, idan ta tsoratar da su da sauran goman mulki ya zama nata. Ban san wani fim na yara da ya bayyana siyasar tsoro a sarari haka ba. Ya tara sama da dalar Amurka biliyan ɗaya, ya ci Oscar a 2017.

Amma ga ramin da ƴan ajina suka faɗa. Tun a minti na farko fim ɗin ya gaya mana cewa a zamanin da masu cin nama suna cin masu cin ciyawa da gaske, daga baya ne suka waye. Ke nan tsoron zomo yana da tushe. Yaro ɗan shekara goma sha biyu da ya san dila, ya san abin da yake yi wa kajin uwarsa, zai fita da saƙo biyu: a yi haƙuri da su, amma fa asalinsu maciya nama ne. Na biyun ya fi sauƙin riƙewa. Tsakanin Bahaushe da Bafulatani da Buzu da Bazabarme babu wanda aka halitta da fiƙa, babu wanda aka halitta abinci. Wannan ita ce maganar da fim ɗin ba zai iya faɗa ba muddin da dabbobi yake magana, kuma ni da ya kamata in faɗe ta ranar nan, ina can bayan aji ina cike takardun sakamako.

Da suka ce mini wasa ne, na tambaye su ko sun san wasan taubasai. Suka ce sun sani. Na ce a wasan taubasai, wanda UNESCO ta sa cikin gadon duniya da sunan Nijar a 2014, kowa yana da bakin ramawa, kuma ana tashi ana dariya tare. Shi wannan yaron ya rama? Ya yi dariya? Suka yi shiru.

Akwai fim ɗin da na fi so a kan duk waɗannan, na Faransa da Beljiyam, Ernest et Célestine na 2012. Ƴar ɓera ce marainiya da ake tsoratarwa kowane dare da labarin mugun urs, wata ƙatuwar dabbar dajin Turai, sai ta haɗu da ɗaya daga cikinsu, matalauci mai kiɗa a titi. Kowane ɓangare ya gurfanar da ɗan ɗaya ɓangaren gaban alƙali, laifinsu kawai abota. Ya nuna ƙarara cewa a ɗakin kwana, a bakin mai reno, ake dasa tsoro. Faransancinsa ma mai sauƙi ne ga ƴan firamare. Kuma ina nuna musu Bon voyage Sim na namu, Moustapha Alassane, wanda ya zana kwaɗi tun 1966 ya yi wa tafiye-tafiyen shugabanni ba'a da su, ya zauna a Tawa shekaru da yawa, ya rasu a 2015. Yawancin malaman da muka yi makarantar horo tare ba su taɓa jin sunansa ba.

Ban daina nuna Zootopie ba. Yanzu dai ina tsayar da shi a daidai wurin taron ƴan jarida, in tambaye su me Judy ta faɗa, a ina suka taɓa jin irinsa, kuma a bakin wa. Bara gardamar ta kai har aka kaɗa ƙararrawa ba mu ƙarasa fim ɗin ba, wata yarinya ta ce a bakin babanta ta ji, ajin ya yi tsit. Shi yaron nan na bakin famfo bai dawo ba bayan hutun. An ce mini iyayensa sun tashi da dabbobinsu sun yi arewa tun farkon damina.