Harsashin da detektar ta tono, nawa ne kuɗinsa?

Tun da zinarin Jado ya fito a 2014, na'urar nan da ake ce ma detektar ta shigo garuruwanmu. Wanda ya dawo daga daji da ita yakan gwada ta a gona ko a kufai, kuma sau tari abin da ke sa ta kuka tsohon harsashi ne. Sai a shiga tambaya: na wane zamani ne, nawa za a saya?

A fara da siffa. In kun ga dunƙule kamar ƙwallon magarya, mai nauyi, ya yi fari fat saboda daɗewa cikin ƙasa, dalma ce ta bindigar ɗuri, wadda ake zuba ma albarushi ta baki. Irinta ce Sarkin Damagaram Tanimu, da ya rasu a 1884, ya tara ma dakarunsa, har ana haɗa albarushi da ƙera igwa a Zinder. Sai dai a yi hattara, maharba sun ci gaba da harbi da irinta har zamanin kakanninmu, don haka dunƙule shi kaɗai ba ya faɗin shekara.

In kuwa dogo ne, na dalma zalla, kaurinsa milimita 11, nauyinsa wajen giram 25, to wannan na bindigar Gras ce, ƙirar Faransa ta 1874, wadda aka riƙa ba sojojin Afirka da Turawa suka shigo da su. Nan ne magana ta yi nauyi. A 1899 ayarin Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasarmu: Lugu ta Sarauniya Mangu a watan Afrilu, Birnin Ƙonni a watan Mayu, Ɗankori ranar 14 ga Yuli inda aka harbe Kanar Klobb, sannan yaƙin Tirmini a ƙarshen watan, wanda ya buɗe ma Faransa ƙofar Zinder. Labarin da ke rubuce galibi na Turawan ne. Harsashin da ke kwance a kufan waɗannan garuruwa shi zai iya nuna inda masu harbi suka tsaya da inda mutane suka faɗi.

Na Lebel, ƙirar 1886, siriri ne, milimita 8, da riga ta ƙarfe ko kuma tagulla ce gaba ɗaya, yakan yi tsatsa kore. In an samu kwanson ma ya fi, domin a gindinsa masana'antun Faransa kan buga shekara da haruffan gidan da ya ƙera. Gajeren kwanso na kalashi kam na jiya-jiya ne, zamanin tawayen arewa.

Batun kuɗi, kar a ruɗe ku. Miliyoyi aka ƙera, masu tara kayan tarihi a Turai suna da su jibge, ɗan gwangwan kuma da kilo yake saye. Da zarar an cusa harsashi a aljihu an manta gonar da aka tono shi, ya zama guntun dalma kawai. A ganinmu asarar ta fi abin da za a samu nesa ba kusa ba, kuma dokar 1997 kan kayan tarihi ta hana tono da fitar da irin waɗannan kaya ba izini.

Wanda ya ci karo da shi ya ɗauki hoto a wurin, ya rubuta sunan gona da zurfin ramin, kar ya goge shi da toka ko lemun tsami, ya shaida ma mai gari ko gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai. In kuma harsashin na tare da kwansonsa ba a harba ba, ko abu ne babba mai kama da gurneti, kar a taɓa, kar a bar yara su jefa a wuta. A sa alama a kira jandarma.