Rigar shafi da fulogin: Yadda ake gano matsalar shafin WordPress a gyara ta

Sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya an gina su ne a kan manhajar WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a watan Mayun 2003. A cikinsu akwai shafukan jaridu da makarantu da ƙungiyoyi da 'yan kasuwa, kuma akasarin masu su ba masana kwamfuta ba ne. Shi ya sa ranar da shafi ya ƙi buɗewa, ko tsarinsa ya hargitse, sai ciniki ya tsaya, labari ya kwana bai fita ba, mai shafi ya shiga neman wanda zai biya ya gyara masa. Alhali mafi yawan waɗannan matsaloli mai shafi na iya gano tushensu da kansa, muddin ya san sassan shafinsa kuma ya riƙa taɓa abu ɗaya a lokaci guda.

Sassa uku na shafi

Sashe na farko shi ne ita kanta manhajar WordPress da rumbun bayananta, inda ake adana rubuce-rubuce da sunayen masu amfani da shafin. Na biyu shi ne riga, wadda a allon WordPress ake rubuta ta da sunan Theme. Ita ce ke tsara siffar shafi: launi, zubin haruffa, wurin zaman kanun labarai da hotuna. Tsarin riguna ya shigo ne a sigar 1.5 ta shekarar 2005. Na uku shi ne fulogin, wato ƙaramar manhajar da ake jonawa don ta ƙara wani aiki, kamar karɓar kuɗi, ko fom na aika saƙo, ko tace saƙonnin banza. Wannan tsari ya fara a sigar 1.2 ta shekarar 2004, kuma a yau rumbun WordPress na ɗauke da fulogin na kyauta fiye da 50,000.

Mutane daban-daban ne suka rubuta waɗannan sassa, galibi ba tare da sun san juna ba. Daga nan saɓani ke tasowa: fulogin biyu su nemi sarrafa abu guda, ko riga ta tsufa ta kasa tafiya da sabuwar sigar PHP, harshen da aka rubuta WordPress da shi.

Yadda CSS ke yanke hukunci

Siffar shafi tana tafiya ne bisa dokokin CSS, tsarin da Håkon Wium Lie ya gabatar a 1994, ya kuma zama ƙa'idar intanet a Disambar 1996. Kowace doka tana nuna wani ɓangare na shafi, ta faɗi launinsa ko girmansa ko tazararsa.

Ƙorafin da aka fi ji shi ne mutum ya rubuta doka amma babu abin da ya canza. Dalili shi ne dokoki da yawa kan taru a kan abu ɗaya, sai burauza ta zaɓi wadda ta fi ƙarfi. Dokar da ta kira abu da lambar shaidarsa ta id ta rinjayi wadda ta kira shi da sunan rukuninsa na class, ita kuma ta rinjayi wadda ta ambaci nau'insa kawai. In ƙarfinsu ya zo ɗaya, wadda ta zo a ƙarshe ce ke aiki. Mai gyara zai iya ganin wannan da idonsa: ya danna F12 a burauzar Chrome ko Firefox, ya nuna abin da yake son canzawa, zai ga jerin dokokin da ke kansa, an ja layi a kan waɗanda aka rinjaya. A nan ma zai iya gwada sabon launi ko girma ba tare da ya taɓa ainihin shafin ba.

Wasu kan gaji su liƙa alamar !important a kan kowace doka don ta danne sauran. Tana biyan buƙata a take, amma idan ta yawaita sai gyara na gaba ya zama jan aiki, domin kowace doka ta zama mai ikon danne 'yar'uwarta.

Inda ya kamata a ajiye gyara

Babban kuskuren da ake yi shi ne buɗe fayilolin riga a yi gyara a cikinsu kai-tsaye. Ranar da aka sabunta rigar, sababbin fayiloli za su maye gurbin tsofaffi, duk aikin da aka yi ya shafe.

Hanyoyi biyu ne ke hana wannan asara. Idan gyaran ƙarami ne, akwai gurbin ƙarin CSS da WordPress ta samar tun sigar 4.7 ta Disambar 2016. Abin da aka rubuta a nan ba ya gogewa lokacin sabuntawa, sai dai yana liƙe da rigar da ake amfani da ita, don haka ba zai bi shafi zuwa sabuwar riga ba. Idan gyaran babba ne, sai a ɗinka 'yar riga. Wannan folda ce daban mai ɗauke da fayil ɗin style.css, wanda a samansa ake rubuta sunan foldar uwar rigar a layin Template. 'Yar rigar tana gadon komai daga uwar, abin da aka rubuta a cikinta kuma shi ke gaba. Uwa za ta ci gaba da samun sabuntawa, gyaran mai shafi na nan daram.

Abin da ya shafi aiki, kamar ƙididdigar maziyarta, ya fi dacewa ya zauna a fulogin, domin idan aka cusa shi a riga zai ɓace ranar da aka canza ta.

Matakan gano matsala

Kafin komai, a ɗauki kwafin ajiya na fayiloli da rumbun bayanai. Sannan a bi wannan jeri:

1. A share ma'ajiyar wucin gadi. Burauza da wasu fulogin da kamfanin da ke ba shafi masauki duk suna ajiye tsohon kwafin shafi don ya yi saurin buɗewa. Sau da yawa gyara ya riga ya shiga, tsohon kwafi ne ake gani. Danna Ctrl da F5 tare na tilasta wa burauza ɗauko sabo.

2. A tambayi kai abin da ya canza na ƙarshe. Sabuntawa ko sabon fulogin da aka saka jiya shi ne abin zargi na farko.

3. A kashe fulogin gaba ɗaya. In matsalar ta gushe, mai laifin na cikinsu. A kunna rabinsu a duba, a sake raba rabin da ke da matsalar. Ta haka ana iya zaƙulo ɗaya daga cikin 16 a gwaji huɗu kacal.

4. In ba ta gushe ba, a koma ɗaya daga cikin rigunan WordPress na asali, irin su Twenty Twenty-Four. In shafi ya daidaita, laifin riga ne.

5. In shafi ya zama fari fat, har allon gudanarwa ba ya buɗewa, a duba akwatin imel. Tun sigar 5.2 ta Mayun 2019, WordPress na aika wa mai shafi saƙo ɗauke da sunan abin da ya jawo matsalar da hanyar shiga ta musamman don kashe shi. In saƙon bai iso ba, a shiga fayilolin shafi ta allon kamfanin masauki, a canza wa foldar fulogin da ake zargi suna a cikin wp-content/plugins, nan take zai daina aiki.

6. Don sanin ainihin layin da ya lalace, a kunna WP_DEBUG da WP_DEBUG_LOG a fayil ɗin wp-config.php, bayanin zai taru a debug.log. A kashe su da zarar an gama, domin suna iya fallasa tsarin shafi ga miyagu.

Haruffan Hausa masu ƙugiya

Masu shafukan Hausa suna da wata matsala tasu. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake amfani da shi a Nijar, kan fito da siffa dabam da sauran rubutu, ko su zama ɗan akwati fanko. Wannan na faruwa ne idan zubin haruffan da riga ke amfani da shi bai ƙunshe su ba, sai burauza ta aro su daga wani zubin. Maganinsa a zaɓi zubin da ke ɗauke da su, kamar Noto Sans na kamfanin Google ko Charis SIL ko Andika, a gwada manya da ƙanana, masu kauri da marasa kauri, a kwamfuta da kuma waya. In kuwa haruffan sun rikiɗe zuwa alamomin tambaya ko tarkacen rubutu, to ba laifin riga ba ne. A tabbatar shafi da rumbun bayanai duk suna kan tsarin UTF-8.

Batun tsaro

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2011, wata ɓaraka a ƙaramar manhajar rage girman hoto mai suna TimThumb, wadda riguna da dama ke ɗauke da ita, ta ba masu kutse damar shiga shafuka masu yawa. A Satumbar 2020 ma an ga irin haka a fulogin ɗin File Manager, wanda ke kan dubban ɗaruruwan shafuka. Don haka a riƙa sabunta komai a kan kari, a goge duk riga ko fulogin da ba a amfani da shi, domin kashe shi kawai ba ya cire fayilolinsa daga shafi. A kuma nisanci rigunan kuɗi da ake rabawa kyauta a ɓoye, saboda sau da yawa akan dasa musu ƙofar shiga ta sirri, kuma ba sa samun sabuntawa.

Shafin da ake kasuwanci ko yaɗa labarai da shi ya cancanci a samar masa kwafin gwaji, wanda kamfanonin masauki da yawa ke bayarwa. A can ake fara gwada kowace sabuntawa, in ta zauna lafiya sannan a kai ta ainihin shafin da jama'a ke gani.