Takalman yau da kullum a yankin Dutsin-Ma da Kurfi

A Dutsin-Ma da Kurfi, kamar sauran garuruwan tsakiyar Jihar Katsina, abin da ya fi tasiri wajen zaɓen takalmi shi ne sauƙin cire shi. Mutum zai tuɓe takalmi a ƙofar masallaci sau biyar a yini, ya tuɓe kafin ya hau tabarma, ya kuma tuɓe idan zai gaida hakimi ko surukinsa. Shi ya sa silifa da buɗaɗɗen takalmin fata suka rinjayi sau-ciki mai igiya, wanda aka fi gani a ƙafar ma'aikata da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011.

Takalmin gargajiya aikin dukawa ne. Majema ke jeme fatar akuya da bagaruwa, a rina ta, sannan baduku ya yanka ya ɗinka. Daga hannunsa ake samun faɗe, mai faffaɗan tafi da ke kare ƙafa daga zafin rairayi da ƙaya, da kuma kubutai da huffi da malamai da dattawa ke sawa lokacin hunturu. Sana'ar ta daɗe a ƙasar Hausa. Tun ƙarni na 16 Leo Africanus ya rubuta cewa ana kai takalman Gobir har Tumbutu da Gao, shi kuma Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya lissafa takalma cikin hajar da birnin ke fitarwa. Takalmin gashin jimina kuwa na sarauta ne, kuma ana danganta shi da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa.

Roba ce ta sauya lamarin. Ba ta tsoron ruwan alwala ko taɓon damina, ga araha, don haka manomi da makiyayi suka rungume ta, duk da zafin da take ɗauka da bazara. 'Yan kasuwa na saro ta daga Kano, musamman Ƙofar Wambai, tare da takalman Aba da na Sin da na gwanjo. Na fata sai ya koma na Juma'a da Sallah da biki.

A Indiya ma ana cire takalmi a ƙofar gida da wurin ibada, kuma buɗaɗɗen takalmi ne gama-gari. Sai dai can hukuma ta yi wa takalmin fata na Kolhapuri rajistar asali a 2019, domin kada a sayar da na wani wuri da sunansa.