NEPU da Muryar Marasa Asali a Ƙasar Zazzau

Ranar 8 ga Agusta, 1950, mutum takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, cikinsu da Abba Maikwaru da Magaji Ɗambatta da sha'iri Mudi Sipikin. Zaman sha'iri cikin waɗanda suka aza harsashin ya dace da jam'iyyar, domin ƙarfinta mahauta ne da teloli da maƙera da 'yan koli, mutanen da ba su zauna ajin boko ba, saƙo kuwa ta waƙa yake shiga kunnensu. Malam Aminu Kano ya karɓi ragamarta a 1953. A Zariya, birnin da ke gindin Kufena, wata yarinya mai shekara 17 ta yanki kati, ta jagoranci mata, ta sha ɗauri har sau 16. Ita ce Hajiya Gambo Sawaba, wadda babban asibitin Ƙofar Gayan ke ɗauke da sunanta yau.

Waƙoƙin 'yan Sawaba, wato 'yan NEPU, 'yan uwan adabin Dalit ne, mutanen da ake ƙyamar taɓawa a Indiya, inda marubuta irin su Namdeo Dhasal suka kafa ƙungiyar Dalit Panthers a Bombay a 1972, don ƙasƙantacce ya faɗi ciwonsa da bakinsa. Wani zai ce ina haɗin? Ai mu a sahun salla mahauci kafaɗa da kafaɗa yake da ɗan sarki. Gaskiya ne, kuma ba mu da wanda taɓa shi ƙazanta ne. Amma a bi mahaucin nan zuwa gidan da ya je neman aure, a ji yadda za a tono asalinsa. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a Zazzau wajejen 1950, ya tarar da mahauta da makaɗa da maroƙa a can ƙasan matakalar daraja, sana'a kuma gado ce. NEPU ce ta ɗora irin waɗannan a kan dandamali, fada tana ji.

Ana goranta wa NEPU cewa ba ta taɓa kafa gwamnati ba, ana mantawa da zaɓen hawa-hawa na 1951 da gidajen yarin En'e da suka tare mata hanya. Sojoji sun rushe ta a 1966, amma magajiyarta PRP ta ci Kaduna da Kano a 1979, Balarabe Musa da Abubakar Rimi suka soke haraji da jangali. Waƙoƙin da suka share wannan hanya suna bakin tsofaffi da ke ta ƙarewa, kuma Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ce ta fi cancanta ta tattara su ta buga, ɗalibai su karanta.