Yadda doka ta tsara canza suna ga masu sauya jinsi a Jamus

A tarayyar Jamus mutum ba ya canza sunansa na yanka don ya ga dama kawai, sai da ƙwaƙƙwaran dalili da hukuma ta amince da shi. Shi ya sa batun sunan mutanen da ke sauya jinsi, wato waɗanda aka rubuta maza a takardar haihuwa amma suke rayuwa a matsayin mata, ko kuma akasin haka, ya shafe fiye da shekaru 40 ana kai ruwa rana a kansa.

Tsohuwar doka

Dokar farko ta fara aiki ne a watan Janairun 1981 a Jamus ta Yamma. A ƙarƙashinta sai mutum ya shigar da buƙatarsa gaban kotu, sannan ƙwararru biyu su yi masa tambayoyi, kowanne ya rubuta rahotonsa daban. Wajibi ne kuma ya nuna cewa ya yi aƙalla shekaru uku yana jin lallai sai ya rayu a ɗaya jinsin.

Dokar ta raba lamarin gida biyu. Akwai canza suna kaɗai, akwai kuma canza jinsin da ke rubuce a rajista. Mai neman na biyun tilas ya kasance ba shi da aure, an yi masa tiyata, kuma ba zai iya haihuwa ba.

Kotun tsarin mulki ta tarayya da ke birnin Karlsruhe ta yi ta soke waɗannan sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya. A 2008 ta yi watsi da sharaɗin rashin aure, a 2011 kuma ta soke na tiyata da hana haihuwa, tana mai cewa sun saɓa wa 'yancin ɗan Adam.

Sabon tsari

A watan Afrilun 2024 majalisar dokoki ta Bundestag ta amince da dokar 'yancin zaɓin kai, wadda ta fara aiki a ranar 1 ga Nuwamban shekarar. Yanzu babu zuwa kotu, babu rahoton likita. Mutum zai je ofishin rajistar haihuwa da aure ya sanar da niyyarsa, ya jira watanni uku, sannan ya koma ya sa hannu. Idan watanni shida suka wuce bai koma ba, sanarwar ta lalace.

Ana canza suna da jinsi ne a lokaci guda, kuma dole sabon sunan ya dace da jinsin da aka zaɓa. Sunan iyali dai yana nan yadda yake. Bayan haka ne ake sabunta katin shaida da fasfo, kuma ba a sake wani canjin sai bayan shekara guda.

Matasa daga shekara 14 kan gabatar da buƙatar da kansu tare da yardar iyaye, idan iyayen suka ƙi kuwa kotun iyali na iya yanke hukunci. Waɗanda ba su kai 14 ba, iyayensu ne ke gabatarwa a madadinsu. Duk wanda ya fallasa tsohon sunan wani da gangan domin cutar da shi, ana iya cin sa tarar da ta kai Euro dubu 10.

Taƙaddama

Dokar ba ta shafi magani ko tiyata ba, takardu kawai ta tsara. Masu goyon bayanta sun ce ta kawo ƙarshen tambayoyin cin mutunci da tsadar shari'a. Jam'iyyun CDU da CSU da AfD kuwa sun ƙi amincewa da ita, yayin da wasu ƙungiyoyin mata suka nuna fargabar cewa za a iya fakewa da ita a shiga wuraren da aka keɓe wa mata.

A yarjejeniyar kafa gwamnatin haɗin gwiwa ta 2025, CDU da CSU da SPD sun amince a sake nazarin dokar, musamman tasirinta a kan yara da matasa da kuma kare mata.