Dokar Ikon Yaƙi ta Amurka (1973)

Dokar Ikon Yaƙi doka ce da Majalisar Dokokin Amurka ta kafa a watan Nuwamban 1973 domin taka wa shugaban ƙasa birki wajen tura sojoji yaƙi a ƙetare ba da yardarta ba. Tsarin mulkin ƙasar ya raba al'amarin gida biyu: majalisa ke ayyana yaƙi kuma ita ke riƙe da lalitar gwamnati, shugaban ƙasa kuwa shi ne babban kwamandan askarawa. Rabon da majalisa ta ayyana yaƙi a hukumance tun 1942. A 1950 shugaba Harry Truman ya tura dakaru Koriya bai nemi izininta ba, abin kuma ya wuce.

Tushen dokar yaƙin Biyetnam ne. A watan Agustan 1964 gwamnatin Lyndon Johnson ta ce an kai wa jiragen ruwan yaƙinta hari sau biyu a mashigin tekun Tonkin, sai majalisa ta ba shi damar ɗaukar duk matakin da ya ga ya dace. Ba a sami ko mutum ɗaya da ya ƙi a Majalisar Wakilai ba, a ta Dattawa kuwa biyu ne kacal, Wayne Morse da Ernest Gruening. Daga baya ta tabbata cewa hari na biyun da aka kafa hujja da shi bai ma auku ba. Da wannan ƙuduri aka kai sojoji sama da rabin miliyan Biyetnam kafin ƙarshen 1968.

A Kambodiya aka kai maƙura. Daga watan Maris na 1969 shugaba Richard Nixon ya sa aka riƙa yi wa ƙasar ruwan bama-bamai a asirce, ana sauya bayanan soja don a nuna kamar a Biyetnam aka jefa su. Ranar 30 ga Afrilun 1970 ya sanar da shigar sojojin ƙasa cikin Kambodiya, jami'o'i suka ɗauki zafi. Ranar 4 ga Mayu dakarun tsaron jihar Ohayo suka harbe ɗalibai huɗu a Jami'ar Kent State, ba a cika makonni biyu ba 'yan sanda suka kashe matasa biyu a kwalejin Jackson State ta Misisifi. Ɗaruruwan makarantu suka rufe saboda yajin ɗalibai. Fushin jama'a ne ya ba 'yan majalisa ƙarfin gwiwar da suka rasa shekaru shida. A Janairun 1971 aka soke ƙudurin Tonkin, aka kuma hana kashe kuɗi kan sojojin ƙasa a Kambodiya bisa gyaran da sanatoci John Sherman Cooper da Frank Church suka kawo.

Ko bayan yarjejeniyar zaman lafiyar Biyetnam da aka ƙulla a Faris a Janairun 1973, bama-bamai ba su daina sauka kan ƙauyukan Kambodiya ba. Sai da majalisa ta ɗaure bakin jaka, ta sa wa'adin 15 ga Agusta, sannan jiragen suka tsaya. Wannan shi ne karo mafi bayyana da ta nuna iko na gaske, kuma da kuɗi ta nuna shi.

Dokar da ta biyo baya ta wajabta wa shugaba ya tuntuɓi majalisa kafin tura sojoji fagen fama, ya kai mata rahoto cikin sa'o'i 48, ya kuma janye su bayan kwana 60 idan ba ta amince ba, da ƙarin kwana 30 na janyewa. Nixon ya hau kujerar na-ƙi, amma badaƙalar Watergate ta riga ta karya masa lago. Ranar 7 ga Nuwamba wakilai suka rinjaye shi da ƙuri'a 284 da 135, dattawa da 75 da 18. Sanata Thomas Eagleton, wanda yana cikin masu neman dokar tun farko, ya ƙi ta a ƙarshe, domin a ganinsa ta ba shugaba lasisin yin yaƙi na wata biyu zuwa uku. Abin da ya faru daga baya ya gaskata shi.

Shugabanni na jam'iyyun biyu sun yi ta kewaye ta. A 2011 gwamnatin Barack Obama ta ce luguden wutar da take yi a Libiya bai kai abin da dokar ke kira faɗa ba, aka wuce kwana 60 ana yi. A 2019 majalisun biyu suka amince a daina taimaka wa Saudiyya a yaƙin Yaman, Donald Trump ya ƙi sa hannu, ba a kuma samu kashi biyu cikin uku na rinjayarsa ba. Kotuna kan kauce wa shari'o'in da 'yan majalisa ke shigarwa a kai.

Raunin sa idon ya fito fili a Nijar. Ranar 4 ga Oktoban 2017 aka yi wa wata tawagar haɗin gwiwa kwanton ɓauna kusa da Tongo Tongo a yankin Tillaberi, aka kashe sojojin Amurka huɗu da wasu na Nijar. Bayan haka manyan sanatoci, ciki har da Lindsey Graham wanda a lokacin yake kwamitin kula da rundunonin soja, suka fito suka ce ba su san yawan sojojin ƙasarsu da ke Nijar ba, alhali a lokacin sun kai kusan 800.